Damina biyu da na'urar tsotse laima a sitona na Gaundare

Sitona yana ƙarƙashin shago, rabinsa cikin ƙasa, ba taga sai ƙofa ɗaya. Wanda ya san Gaundare ya san daminarmu doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, garin kuma yana kan tudun Adamawa, ba irin zafin Garwa ko Marwa da ke busar da komai nan take. A watan Agustan shekaran bara na buɗe dilar shadda fara, na tarar da ɗigo-ɗigon fumfuna a bakin kowane ninki, kwalayen takalma sun yi laɓas kamar an jiƙa su. Ranar ban iya cin abinci ba, domin kayan bashi ne.

Shi ya sa na aika aka sayo mini na'urar daga Duwala, ta iso ta jirgin ƙasa. An rubuta lita 20 a rana a jikin kwalin, wato yawan ruwan da take tsotsewa daga iska. Kada wannan ya ruɗe ka: ana auna shi ne a zafin digiri 30 da laima kashi 80, a sito mai sanyi ba za ta kai haka ba.

Kuskurena na farko, na sa ta a kan laima kashi 35, a tunanina ƙarin bushewa ƙarin lafiyar kaya. Kwana da wuni tana gurnani ba hutu, kuɗin wuta ya haura, lambar kuwa ta ƙi sauka ƙasa da 48. Wani mai gyaran firji a layinmu ya leƙo ya ce, "Alhaji, ai wahalar da ita kake yi. Bangon nan kullum yana shan ruwa daga ƙasa. Mayar da ita 50, ka rufe ƙofa." Gaskiyarsa. Fumfuna tana samun wurin zama ne idan laima ta daɗe sama da kashi 60, don haka 50 ta ba ni tazara mai kyau. Tun daga nan takan yi aiki ta tsaya da kanta, warin nan mai kama da na tsohuwar rijiya ya tafi cikin mako biyu.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne bokitinta. Ƙarami ne, yana cika ta kashe kanta, ta kwana a kashe ban sani ba. Sai da na ɗaura mata tiyo zuwa babbar jarka na huta. Ma'auninta ma laimar da ke kusa da ita kawai yake gani. Na sayi ɗan agogon auna laima na rataye a kusurwar da ta fi nisa, sai na ga can ya fi nan da kusan biyar. Na ɗora dilolin a kan katako, na janye su daga bango kamar taki ɗaya don iska ta zaga.

Idan za ka saya, tambayi mai tashi da kanta in wuta ta dawo, ta riƙe lambar da ka sa mata. Tawa tana yi, kuma wannan kaɗai ya biya ni. Ragar da ke tace ƙura ina wanke ta duk mako biyu.

Da hunturu ya shigo a Disamba, agogon ya faɗi ƙasa da 40 ba tare da ita ba. Na zubar da ruwan, na goge ta, na lulluɓe ta da zane sai ruwan farko.