Fim uku a kwana tara: wanda ya kwashe Oscar bakwai ba shi ya zauna mini a rai ba

Targaɗe ne ya kwantar da ni, likita ya ce kada in taka ƙafar sai dole. Ni kuma ba gwanin zama wuri ɗaya ba ne. Ranar farko na ƙare ta a kan waya, na karanta har abin da bai cancanci karatu ba. Washegari ƙanena ya shigo da kwamfutarsa ya ajiye mini a bakin gado, ya ce, "Yaya, tunda ka zama ɗan ɗaki, ga finafinan da kullum kake cewa ba ka da lokacinsu." Uku na kalla kafin in miƙe, ɗaya daga ciki sau biyu.

Da Oppenheimer na fara, don shi aka fi cika mini kunne da shi. Christopher Nolan ne ya ba da umarni, ya fito a 2023, awa uku cur, kuma a bikin Oscar na 2024 ya tafi da lambobi bakwai, har da ta fim mafi kyau da ta darakta da ta jarumi, wadda Cillian Murphy ya ɗauka. Labarin J. Robert Oppenheimer ne, masanin kimiyyar da ya shugabanci sansanin bincike na Los Alamos, inda Amurka ta ƙera bam ɗin nukiliya na farko a lokacin yaƙin duniya na biyu.

Awa ɗaya ta farko ta wahalar da ni, ba zan ɓoye ba. Fim ɗin gudu yake kamar an biyo shi. Masana kimiyya ne ke ta shigowa: kafin ka riƙe fuskar Bohr an kawo Heisenberg, kafin ka gane wane ne Lawrence ga Teller ya shigo. Kiɗan kuma ba ya numfasawa, ko mutum biyu ne ke magana a ofis sai an sa masu ƙara a ƙasa kamar wani abu zai fashe, har sai da na kunna rubutun ƙasan allo don in san me ake cewa. Sannan na ruɗe da launi. Na ɗauka wuraren da aka yi baƙi da fari su ne tsohon zamani, ashe yawancinsu 1959 ne, lokacin da Lewis Strauss, wani babban jami'in gwamnati da ke ƙullace da Oppenheimer, ke neman majalisar dattawa ta amince masa da kujerar ministan kasuwanci. Mai launi idon Oppenheimer ne, baƙi da fari idon Strauss. Dabara ce mai kyau, amma sai da ƙanena ya tsayar da fim ɗin ya yi mini bayani kafin in kama zaren.

Sai aka zo gwajin bam ɗin, asubar 16 ga Yuli 1945, a hamadar New Mexico. An yi ruwan sama cikin dare, an ɗage lokaci, kowa ya kwanta rub da ciki da baƙin gilashi a hannu, ana ƙirge, kiɗa na ta hawa. Ana kaiwa ƙarshen ƙirgen sai komai ya ɗauke. Haske ne fari fat, sai numfashin mutum. Wallahi hannu na kai zan duba ko lasifikar kwamfutar ce ta mutu. Ina cikin laluben maɓalli ƙarar ta iso, na zabura har na buga ƙafar da nake jinya. Haka abin yake a zahiri, haske ya riga sauti isowa, waɗanda ke tsaye nesa da wurin sun ga wutar tun kafin su ji ƙararta. Wannan shirun ya biya ni duk hayaniyar da na sha a baya, kuma a nan na fara zargin cewa da gangan aka gajiyar da kunnena.

Na ji masu cewa daga nan fim ɗin ya mutu, awar ƙarshe surutu ce kawai. Ni a nan ya fara kama ni. A 1954 an zaunar da Oppenheimer a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki, tebur da kujeru da wata doguwar kujera a baya inda yake zama yana kallon ƙeyar abokansa suna ba da shaida a kansa. Ba kotu ba ce, don haka ba a bi masa ƙa'idar kotu ba, lauyan gwamnati na da takardun da nasa lauyan bai gani ba. Ana tone masa tsoffin abokai 'yan gurguzu da tsohuwar soyayya, matarsa na zaune tana ji. Daga ƙarshe aka janye masa izinin ganin sirrin ƙasa. Emily Blunt, wadda ta fito a matar tasa, aka kuma bar ta kusan awa biyu ba ta da aiki sai riƙe kofi da ɓacin rai, a ɗakin nan ta samu 'yan mintoci ta nuna abin da ta iya. Robert Downey Jr. kuma ya fito da Strauss a mutumin da ke murmushi alhali ƙullin shekaru na cin sa.

Inda muka rabu da fim ɗin shi ne Hiroshima da Nagasaki. An jefa bama-baman a 6 da 9 ga Agusta 1945, amma ko mutum ɗaya na can ba a nuna ba. Akwai inda ake haska wa masanan hotunan waɗanda abin ya rutsa da su, kyamara ta tsaya a fuskar Oppenheimer yana kau da kai. Na fahimci hujjar, wai muna cikin kansa ne, abin da bai gani ba ba za mu gani ba. To amma ai an fita daga kansa an shiga na Strauss na tsawon lokaci. Wanda ya samu wurin ƙorafin ɗan siyasa bai rasa wurin minti ɗaya na waɗanda suka ƙone ba.

Na biyu tsoho ne, 12 Angry Men na 1957, fim ɗin silima na farko da Sidney Lumet ya yi, baƙi da fari, minti 96. Maza goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci an kulle su a ɗaki ɗaya ranar tsananin zafi, fanka ta ƙi tashi, za su yanke ko wani yaro ɗan shekara 18 ya kashe mahaifinsa. Sha ɗaya sun ce ya yi, Henry Fonda shi kaɗai ya ce a tsaya a tattauna tukuna. Bai gundure ni ko na minti ɗaya ba. Akwai wani tsohon shaida mai jan ƙafa da ya ce cikin sakan 15 ya taso daga gado ya isa ƙofa, sai suka auna tazarar a ɗakin suka gwada, ya ci kusan ninki uku. Ni da nake lissafin taku kafin in kai banɗaki, ban buƙaci gwajin ba. Aibinsa ɗaya: komai ya zo daidai da yawa. Kowace shaida tana jiran a taɓa ta ta rushe, mai gaskiya na sanye da fararen kaya, kuma wuƙar da ya sayo da kansa ya caka a tebur, a kotun gaske hakan kaɗai ya isa ya lalata shari'ar. Na ji daɗinsa, na kwana lafiya.

Wanda ya hana ni barci shi ne A Separation, na Asghar Farhadi, daga Iran, 2011. Ya ci babbar lambar bikin finafinai na Berlin a shekarar, sannan a 2012 ya zama fim ɗin Iran na farko da ya ci Oscar. Ban so kallonsa ba, na ce wa yaron nan ina fama da ƙafa zai ƙara mini da rigimar aure. Ya ce in ba shi minti goma.

An buɗe da miji da mata zaune suna fuskantar kyamara, wato kai mai kallo kai ne alƙalin. Simin na son su bar ƙasar saboda 'yarsu Termeh, bizarsu ta kusa ƙarewa. Nader ya ce ba zai bar mahaifinsa mai cutar mantuwa ba. Kafin su gama magana na ba kowannensu gaskiya sau biyu. Ta koma gidan iyayenta, shi kuma ya ɗauko wata mata mai suna Razieh ta riƙa kula da tsohon. Talaka ce, mai riƙo da addini, tana da ciki, tana zuwa daga nesa da ƙaramar 'yarta, mijinta bashi ya yi masa katutu kuma bai san tana aikin ba.

Ranar farko tsohon ya yi fitsari a wando. Razieh ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa yadda za ta yi, ta ɗauki waya ta buga layin masu ba da fatawa tana tambaya ko zunubi ne ta wanke namijin da ba muharraminta ba. 'Yarta na gefe tana kallo, ta yi mata alkawarin ba za ta faɗa wa babanta ba. Babu kiɗa, babu kuka, amma a nan na gyara zama. Fim ɗin ma gaba ɗaya ba a sa masa kiɗa ba sai da sunaye suka fara hawa, bayan Nolan kuwa kunnena ya sha iska.

Wata rana Nader ya dawo ya tarar ba ta nan, mahaifinsa an ɗaure masa hannu a jikin gado ya faɗo ƙasa. Da ta dawo ya zarge ta da satar kuɗi, ya tura ta waje ya rufe ƙofa. Ta yi ɓari. Daga nan sai gaban mai bincike, wani ɗan ofis cike da takardu da hayaniya, ana shigowa da masu ankwa ana fita. Tambayar guda ce: ya san tana da ciki lokacin da ya tura ta? In ya sani, tuhumar kisa ce. Ba zan faɗi amsar ba. Abin da zan ce shi ne kowa a fim ɗin ya ɓoye wani abu, kuma babu wanda ya ɓoye don mugunta. A ɗakin Oppenheimer na san wanda ake zalunta tun daga farko, a na Fonda na san wanda zai yi nasara. A nan sau huɗu ina sauya ɓangare, har mijin Razieh mai zafin kai, da na tsana da farko, ya zo ya ba ni tausayi ranar da ya ce don bai iya tsara magana kamar masu kuɗi ba ne ba a sauraronsa.

Akwai inda Nader ke yi wa mahaifinsa wanka a kan keken guragu, yana cikin zuba ruwa sai ya kifa kai a kafaɗar tsohon ya fashe da kuka, tsohon bai ma san me ake ba. Na tsayar da fim ɗin a nan na ɗan jima. Yarinyar da ta fito a Termeh kuma, Sarina Farhadi, 'yar daraktan ce ta cikinsa, da ido kawai take tuhumar ubanta ta cikin tabarau, kuma tuhumarta ta fi ta mai binciken zafi. In akwai abin da zan ce an yi mini ba daidai ba, wani muhimmin abu ne da aka yanke daga idon mai kallo aka ajiye sai can ƙarshe. A kallo na biyu na ga inda aka yanke shi, na ji kamar an ɗan yi mini wayo, ko da yake alamun duk suna nan, ni ne ban lura ba.

A fitowar ƙarshe alƙali ya tambayi Termeh wajen wa za ta zauna. Ta ce ta yanke shawara, amma ba za ta faɗa a gabansu ba. Aka fitar da iyayen, suka tsaya a baranda, ɗaya a wannan gefen ƙofar gilashi ɗaya a wancan, mutane na ta wucewa, sunaye suka fara hawa. Na zauna har suka ƙare ina jiran ƙofar ta buɗe.

Ƙanena ya ce uwar za ta bi, don ta gano halin uban. Na ce wadda ta zauna da shi tun farko don kada uwar ta yi nisa, ba za a gane zaɓinta da sauƙi haka ba. Ya ce, "Yaya, kai dai kana kare Nader ne don ka ga ya yi wa tsoho wanka." Ban ba shi amsa ba. Da ya zo ɗaukar kwamfutarsa ranar da na fara takawa, na ce ya bar mini ita zuwa gobe, akwai wurin matakalar nan, inda Nader ya tura Razieh waje, da nake son in sake dubawa.