Firizim ko giretin: wanne za ka fara saya wa ɗalibanka?

Malamin fiziks da kuɗin hannunsa bai taka kara ya karya ba, idan ya shiga shagon kayan gwaji zai tarar da abubuwa biyu masu fitar da launukan bakan gizo daga farin haske. Akwai firizim, dunƙulen gilas mai kusurwa uku, akwai kuma giretin, wata 'yar siririyar leda da aka ɗaure a cikin kwali. Mai shago na iya ce maka duk kanwar ja ce. Kada ka yarda, Malam, domin darasin da kowanne ke koyarwa daban ne.

Firizim da karkatar haske yake aiki. A cikin iska haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma da ya shiga gilas sai gudun ya sauko wajen 200,000. Wannan rage gudun ne ke sa shi ya karkace, kuma shi ne dalilin da cokali ke zama kamar ya karye a kofin ruwa. Masanin lissafi Ibn Sahl ya bayyana ƙa'idar wannan karkata a Bagadaza tun shekarar 984, ƙarnuka kafin a laƙaba mata sunan Snell, wani masani ɗan ƙasar Holland. Kowane launi da irin tasa karkatar: shunayya ta fi lanƙwasa, ja ya fi taurin kai.

Shi kuwa giretin ba ruwansa da rage gudu. Ɗaruruwan layuka ne a jere a cikin kowace milimita ɗaya. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, don haka idan ya kutsa ta ƙananan kafofin da ke tsakanin layukan sai ya bazu, igiyoyin su haɗu, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. A nan ja ne ke kaucewa nesa, shunayya ta tsaya kusa, wato akasin firizim. Ranar da na jera su biyun a gaban aji, ɗalibai suka ga launukan sun juya, ban sha wahalar bayani ba.

Idan jarrabawa ce a gabanka, fara da firizim. Gwajin WAEC da NECO kan ɓangaren haske ya saba zuwa da firizim ko falon gilas da fil-fil da takarda, kuma yaron da bai taɓa kafa fil yana leƙe ba, hannunsa rawa yake yi a ranar. Nemi mai kusurwa digiri 60, ka je da ma'aunin kusurwa ka auna da kanka. Ɗaga shi sama ka duba ko akwai kumfa a ciki ko ɓantarewa a baki. Ka guji irin na ado mai fuskoki barkatai, kyau kawai gare shi. Akwai na roba mai arha wanda ba ya fashewa, sai dai ni na yi nadamarsa: lokacin hunturu na sa tsumma na goge masa ƙura, kafin zangon karatu ya ƙare duk ya kakkarce, fil ba ya ganuwa sosai ta cikinsa. Na gilas ya fi tsada, amma in an adana shi a akwati mai auduga zai yi shekara da shekaru.

Giretin kuma, abin dubawa shi ne adadin layukan da aka rubuta a jikin kwalin. Wanda ba a rubuta ba, bar musu kayansu, don ba za ka iya lissafi da shi ba. Mai layi 600 a milimita shi nake ba da shawara: haska masa jar leza, wato 'yar fitila mai siririn haske, ka riƙe shi mita ɗaya daga bango, za ka ga ɗigogin haske a jere, ɗigon farko zai faɗi kimanin santimita 42 daga na tsakiya, tazarar da ɗalibi zai auna da rula ya fitar da tsawon igiyar hasken da kansa. Mai layi 300 zai ba ka wajen santimita 20, amma ɗigogin sun fi yawa. Lezar kada ƙarfinta ya wuce miliwat 1, kuma kada a kuskura a nufi idon kowa da ita.

In kuɗin ya ƙare a kan firizim, tsohon faifan CD zai riƙe maka. Tazarar layukansa maikiromita 1.6 ce (maikiromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita), kusan layi 625 ke nan a milimita. Haska lezar a gefen da ke ƙyalli, ka sa yara su nemi ɗigogin a bango.