Ajin yaƙi da jahilci na matan aure a Tudun Wada: inda ya yi kyau da inda yake buƙatar gyara

Wata ƙungiyar matan unguwa ce ke tafiyar da wannan aji a Tudun Wadan Kaduna, cikin ɗakunan wata makarantar firamare bayan yara sun tashi. Ana zama sau uku a mako, daga ƙarfe 2 na rana zuwa kiran la'asar. Ba a biyan kuɗin makaranta. Abin da mace za ta riƙo kawai shi ne littafin rubutu biyu, ɗaya mai layi ɗaya mai gida-gida don lissafi, sai fensir da abin gogewa. Kada a fara da biro: hannun da bai saba ba yana yawan kuskure, kuma shafin da ya cika da zane yana kashe gwiwa.

Aikin ba baƙo ba ne a garin nan. Marigayiya Hajiya Laila Dogonyaro, wadda aka aurar tana shekara 13, tana cikin matan da suka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a 1963, kuma har Allah ya karɓi ranta a 2011 tana kiran a ilimantar da mata. Abin da irinsu suka nema shi ne mace ta daina miƙa sirrinta ga wani ya karanta mata. Da wannan nake auna ajin: bayan wata uku, ɗaliba za ta iya karanta saƙon kuɗi a wayarta, ta rubuta sunayen 'yan adashinta da hannunta?

Ta wannan fuskar, matakin farko ya ci yabo. Malamar tana farawa da Hausa zalla: wasula biyar, sannan baƙi ɗaya a haɗa shi da su, ba be bi bo bu, kafin a wuce gaba. A mako na biyu mace ta fara haɗa gaɓa biyu ta fitar da kalmar da ta sani, kamar gida ko miya. Sunanta kuwa tun ranar farko ake rubuta mata shi a bangon littafi ta riƙa kwaikwaya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɗaukar ɗalibai a matsayin marasa sani. Yawancinsu sun yi allo ko Islamiyya, sun san mene ne harafi da wasali, don haka malamar kan ce musu "a" ita ce fataha, "i" kisira, "u" rufu'a. Nan take fuska ke washewa.

Sai dai wannan sanin yana zuwa da nasa tuntuɓe, kuma malamar ta san wuraren. Hannu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, shi ya sa b da d ke rikiɗewa, 12 ta koma 21. Maganin da take yi mai sauƙi ne: ɗigon jan biro a gefen hagu na kowane layi, a ce "daga nan za ki tashi". Lambobi ma haka. Wadda ta saba da lambobin shafin Alƙur'ani tana ganin 0 ta ce biyar, ta ga 7 ta ce shida, domin siffar biyar da shida na Larabci ke nan. Ana ware zama guda don wannan kaɗai, da takardun kuɗi na gaske a kan tebur, ₦50 da ₦500, a nuna abin da sifili ɗaya ke yi.

Inda na ga an gaza shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Ana wuce ɓ da ɗ da ƙ da sauri, kamar ado ne. Alhali baki daban, baƙi daban; bari daban, ɓari daban; daidai ba ɗaiɗai ba ne. Ya kamata kowane ɗaya ya samu zamansa, da kalmomi bibbiyu a jere a allo, kamar yadda ake yi wa sh da ts. Haka kuma ana gaggawar shigo da Turanci tun karatun Hausa bai zauna ba, saboda ɗalibai da kansu ke roƙo. Na fahimci ɗokin, amma wasulan Turanci ba sa tsayawa a sauti ɗaya, sai su rushe abin da aka gina. A bari sai mace ta karanta shafi guda na Hausa ba tare da sa yatsa ba.

Ɗakin kansa na yara ne. Benci ya yi ƙasa, mai goyo ko mai ciki ba ta iya awa biyu a kai. Tabarma biyu a bayan aji da yarinya ɗaya mai kula da jarirai za su rage rabin wahalar. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: matan da suka haura shekara 40 kan ce "kaina ba ya ɗauka", alhali ido ne. Duk wadda ke nisantar da littafi daga fuskarta ko ta koka da ciwon kai bayan karatu, a tura ta gwajin ido, sau da yawa tabarau na karatu ne kawai take buƙata.

Sashen sana'a, wato sabulun ruwa da man shafawa da ɗinki, matsakaici ne. Keke biyu ba zai ishi aji ba. Wurin haɗa sabulu kuma dole a sa safar hannu, a riƙa zuba soda cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, don kada ta fantsamo ta ƙona fata.

Wadda za ta shiga, ta fara daidaitawa da maigida kan ranakun, ta kuma sauke girkin rana da wuri, domin fashin mako biyu a jere a watan farko shi ne ke sa yawanci su daina zuwa. Ranar rajista ta tambayi abu uku: ko ana hutu a watan azumi, ko mata nawa ne a hannun malama ɗaya (in sun wuce 25, ba za ta iya duba littafin kowa ba), da kuma ko akwai mataki na biyu mai daidai da aji 4 zuwa 6 na firamare ga wadda ke son ci gaba.