Elden Ring: Wahalarsa ba a yatsu take ba

Da zarar ka fito daga kogon farko ka tura ƙofar da ke kai ka filin Limgrave, idonka zai sauka a kan wani barde sanye da sulken zinare, yana kai-komo bisa doki a bakin hanya. Tree Sentinel ke nan. Sabon shiga yakan nufe shi kai tsaye, domin ya saba da irin gem ɗin da ke ajiye wa mutum abokin gaba daidai ƙarfinsa. Sara biyu ko uku, barden ya gama da shi. A nan mutane da yawa suke yanke hukunci cewa wannan wasa na masu zafin hannu ne kawai. Na buga shi har ƙarshe, kuma ban yarda da wannan hukunci ba. An tsayar da barden ne don ya koya maka kaucewa: ka raɓe ta gefe, ka shige cocin Elleh, ka dawo masa bayan ka yi ƙwari.

Kamfanin FromSoftware na Jafan ne ya yi gem ɗin Elden Ring ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, ya fito ranar 25 ga Fabrairu, 2022, kuma shi ya lashe kambun gem ɗin shekara a bikin The Game Awards. Ba shi da wurin zaɓen mai sauƙi ko mai wuya. Sauƙin yana nan, amma an warwatsa shi cikin taswira, sai wanda ya nema zai samu.

Ga yadda ya kamata awannin farko su tafi. Ka huta a wurin hutawa na Gatefront, wata budurwa mai suna Melina za ta bayyana ta ba ka dokin nan Torrent da damar ƙara matsayi. Daga nan ka koma cocin Elleh da dare, wata mayya za ta ba ka ƙararrawar kiran ruhohin da ke taya ka faɗa, tare da ruhohin kyarketai uku. Wanda ya rasa wannan haɗuwa zai iya sayen ƙararrawar daga baya a Roundtable Hold, zauren da ’yan kasuwa da maƙeri suke. Hasken zinaren da ke fita daga wuraren hutawa yana nuna arewa, wajen fadar Stormveil. Kada ka bi shi tukuna. Ka juya kudu, ka haye gada zuwa Weeping Peninsula. Abokan gaban can ba su da zafi sosai, kuma coci uku na yankin kowanne yana ɗauke da Sacred Tear, abin da ke ƙara wa kwalbar magani ƙarfi. Akwai na huɗu a Third Church of Marika da ke gabashin Limgrave. Su kuwa Golden Seed, waɗanda ake tsinta a gindin ƙananan bishiyoyi masu walƙiya, yawan kurɓi suke ƙarawa, har zuwa 14.

Kuskuren da ya fi kashe sababbi shi ne zuba kuɗin wasan, wato Runes, a Strength (ƙarfi) ko Dexterity (ƙwarewar hannu) da wuri, da fatan sara zai ƙara zafi. A farkon wasa ba ya ƙarawa sai ɗan kaɗan. Zafin sara daga maƙera yake fitowa. Duwatsun ƙira 12 ne suke kai makami mataki na uku: biyu a matakin farko, sannan huɗu, sannan shida, kuma ramin haƙar Limgrave cike yake da su. Teburin cocin Elleh a mataki na uku yake tsayawa, daga nan sai maƙeri Hewg, wanda ke kai makamin gama-gari har 25, na musamman kuma 10. Saboda haka ka ba makaminka iya abin da yake buƙata don ya ɗauku, sauran ka zuba a Vigor, wanda ke ƙara yawan jini. Idan ya kai 40 jininka ya kai 1,450, a 60 kuma 1,900, bayan nan ƙarin ba ya biyan kuɗinsa. Sai nauyin kaya: muddin ya haura kashi 70 cikin 100, wuntsilawarka ta zama ta mai ɗauke da buhu, ka faɗi tim, ka daɗe ba ka miƙe ba. Cire hular ƙarfe ɗaya kan gyara wannan.

Margit, mai tsaron ƙofar Stormveil, shi ne jarrabawar gaskiya. Ka lura da sandarsa. Zai ɗaga ta sama ya riƙe, ya riƙe, har sai tsoro ya sa ka wuntsila, sannan ya sauke ta daidai lokacin da kake miƙewa. Ba saurin hannu ake nema a nan ba, haƙuri ake nema. Ka jira sandar ta fara saukowa, ka wuntsila zuwa cikinsa maimakon baya, ka yi sara ɗaya ko biyu ka janye. Saran tsalle mai nauyi, idan ya taru, yana durƙusar da shi ka samu damar suka. Ga kuma taimako iri uku a gabanka: alamar kiran matsafi Rogier a bakin hazon da ke ƙofar fagen faɗan, kyarketanka, da sarƙar Margit da wani ɓarawo mai suna Patches yake sayarwa Runes 5,000 a kogon Murkwater idan ka yafe masa lokacin da ya miƙa wuya. Sarƙar tana danne Margit ƙasa sau biyu kafin ya fito da gudumarsa ta haske.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke damuna a tsakanin masu buga wasan. Akwai masu cewa duk wanda ya kira ruhi ko ya yi amfani da tsafi daga nesa bai ci wasan da gaske ba. Magana ce marar tushe, kuma tana korar mutane daga abin da za su so. Waɗanda suka tsara wasan ne suka saka ƙararrawar, suka yi wa ruhohin hanyar ƙara ƙarfi a hannun wata mata mai suna Roderika, suka kuma yi wasu faɗace-faɗacen da abokan gaba biyu a lokaci guda. Wanda ya ga dama ya shiga da takobi tsura, wannan jin daɗinsa ne, kuma abin burgewa ne. Amma ba shi ne ma'aunin kowa ba.

Wasan yana da aibu, kuma bai kamata yabo ya rufe su ba. Ɓoye sirrin duniya daban, ɓoye ƙa'idar wasa daban. Iyakar nauyi ta kashi 70 da inda amfanin Vigor yake raguwa abubuwa ne da ya dace a faɗa wa mutum ƙarara. Babu littafin da ke tuna maka wa ka yi wa alkawari da inda ya koma, don haka labarai masu kyau suna salwanta ba tare da ka sani ba. Wasu dodannin ana maimaita su har su gundure ka, musamman masu gadin kaburbura, kuma manyan halittu a ɗaki ƙarami suna rikita kyamara ka rasa inda kake. Daga tsaunukan ƙanƙara zuwa gaba saran abokan gaba yana yin tsalle fiye da kima. Babu maɓallin dakatarwa ko da kai kaɗai kake bugawa. A kwamfuta an ƙayyade shi a hoto 60 cikin daƙiƙa, kuma yana son aƙalla RAM 12GB da fili 60GB.

Duk da haka ina ba da shawararsa ga duk mai son yawo da bincike, ko da bai taɓa buga irinsa ba. Wanda ya ɓata rabon matsayinsa ma bai yi asara ba, domin bayan kayar da sarauniya Rennala a makarantar tsafi ta Raya Lucaria za ta sake masa rabo idan ya ba ta abin da ake kira Larval Tear guda ɗaya. Ƙarin babin wasan, Shadow of the Erdtree, na watan Yunin 2024 kuwa kada ka yi gaggawar sayensa: ƙofarsa ba ta buɗewa sai ka kayar da manyan abokan gaba biyu, Radahn da Mohg, kuma a can tattara Scadutree Fragment, gutsattsarin da ke ƙara maka ƙarfi da juriya, ne yake riƙe ka, ba yawan matsayin da ka shigo da shi ba.