Sharhi: giyabos ɗan Beljiyam a kan Sienna mai lodin Jos zuwa Abuja

Idan giyabos ɗin tsohuwar Sienna ya mutu, mai mota yakan tsinci kansa tsakanin abu biyu: a buɗe na jikin motar a sake masa faiba, wato fayafayan da ke kama giya a ciki, da sil mai hana yoyon mai, ko a sayo ɗan Beljiyam, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, a ɗora. Maganar sabo fil daga kamfani ba ta taso ba, don kuɗinsa kan iya kamo kuɗin motar kanta. Wannan sharhi a kan ɗan Beljiyam ne, kamar yadda na ga aikinsa a Sienna ƙirar 2005 mai injin 3.3, wadda ke ɗaukar fasinja tsakanin Jos da Abuja. A ganina ya biya kuɗinsa, kuma ya fi buɗe tsohon sauƙi da kwanciyar hankali. Sai dai arahar tana rataye ne ga wasu ƙananan abubuwa da mutane suka fi son tsallakewa.

Kafin a je Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota ta Jos, tambayar farashi, a fara tabbatar da cewa giyabos ɗin ne ya mutu. A sa wa motar kwamfuta. Idan ta nuna lamba irin P0717, matsalar sensa ce ko wayarta, kuma ana sauya ta ba tare da an sauke komai ba. Amma idan ka taka totur injin ya yi ta ihu mota ba ta gaba, ko ribas ya ƙi shiga, ga mai ya yi baƙi yana warin ƙuna, to faiba ta cinye. A nan ne buɗewa ke zama caca, domin garin faibar ya riga ya bi mai ya shiga konbata, wadda ke haɗa injin da giyabos, da ƙananan hanyoyin da ke rarraba man, kuma ba kowane bakanike ne ke da kayan auna su ba.

Wajen saye, kada a tsaya a kan "na Sienna ne". A jikin ƙofar direba akwai takarda da aka liƙa, a ƙasanta an rubuta A/TM, lambar giyabos na biye. Sienna ta 2004 zuwa 2010 mai jan gaba U151E take ɗauka, mai giya biyar. Mai jan ƙafa huɗu U151F ce, ba kuma sa maye gurbin juna. Ta 1998 zuwa 2003 giyarta huɗu, wannan wani gida ne daban. Inda aka fi faɗawa rami shi ne tsakanin mai injin 3.3, wato 2004 zuwa 2006, da mai injin 3.5 da ta fara daga 2007: suna ɗaya suke amsawa, amma ba a ɗora na wannan a kan wancan. Za kuma a iya nuna maka na Highlander ko na Lexus RX330 a ce ai duk ɗaya ne. Ni dai ban yarda a karɓa ba sai an ajiye shi kusa da tsohon, an gwada soket da soket, an ƙirga ramukan noti, an duba inda shaf ke shiga.

Abin da ya fi komai muhimmanci a shago shi ne a kwance kwanon ƙasa a gabanka. Mai kaya da ya yarda da kayansa ba ya ƙin wannan. A cikin kwanon akwai ƙananan maganaɗisu. Idan ka shafa yatsa ka ji laushin toka-toka kawai, wannan cin yau da gobe ne, ba laifi. Idan ka ji tsini-tsinin ƙarfe, ko ka ga mai na ƙyalli da ɓurɓushin tagulla, ka bar shi ko nawa aka rage maka. Dubi kawunan notin jikinsa kuma. Wanda sufana ta sha ci, da gam da ya tsattsafo a bakin haɗi, alama ce an taɓa buɗe shi. Giyabos da aka wanke tas aka fesa masa fentin azurfa ya fi mai ƙura ba ni tsoro, don sau da yawa wanda ya gama wahala a titunanmu ne aka yi wa kwalliya. Wanda aka ɗora wa wannan motar ya zo da dattinsa, mansa ja mai ɗan duhu, babu wari.

Farashi yana tafiya ne da dala, don haka abin da aka saya bara ba shi ne na bana ba. Abin da ke hannunka shi ne ka tambaya ko za su karɓi tsohon ka yi ciko, sannan a rubuta garanti a rasit, tare da lambar da ke jikin giyabos ɗin. Garantin nan gajere ne, galibi mako ɗaya ko biyu, saboda haka kada a saya sai bakanike ya shirya ɗorawa a ranar ko washegari.

Ɗorawar ita ce inda kuɗin mutane ke ƙonewa. Konbata a jikin giyabos ake fara zaunar da ita, ana juyawa ana turawa har ta shige can ciki, kafin a haɗa da injin. Idan ba ta zauna ba aka ja da noti da ƙarfi, famfon mai ya fashe tun mota ba ta tashi ba, kuma mai kaya ba zai karɓa ba. Notinta shida ne, a ɗaura su duka da hannu kafin a matse. Tun giyabos na ƙasa a sauya sil ɗin bakin konbata, da na shaf biyu, da na bayan injin. Kuɗinsu kaɗan ne, amma duk wanda ya yi yoyo daga baya sai an sake biyan kuɗin saukewa. A sa sabuwar rariyar mai da sabon gasket.

Sai lagireto. Man giya yana bi ta cikinsa ne ya huce, kuma dattin tsohon giyabos na nan kwance a cikin tiyo biyun da ke kai mai da dawo da shi. Idan ba a wanke su ba, ranar farko sabon zai sha abin da ya kashe tsohon. Idan kuwa man tsohon ya koma kamar shayi mai madara, to lagireton ya fashe ta ciki ruwa na shiga mai, dole a sauya shi gaba ɗaya.

Mai kuma ba wurin tsimi ba ne. Ƙirar 2004 zuwa 2006 Toyota T-IV take sha, daga 2007 kuma WS, kuma yawanci an rubuta a jikin sandar awon man. Ba kowane jan mai ne man wannan giya ba. Dexron da ake zubawa saboda araha yana sa ta fizga. Giyabos da babu ɗigon mai a cikinsa yana cin kusan lita 9, amma ɗan Beljiyam ba ya cinye haka, don konbata na riƙe da saura. A zuba kaɗan-kaɗan, a auna mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri, injin na aiki, giya na P, bayan ta yi zafi. A ƙarshe a sa kwamfuta a goge abin da biren bokis, wato kwamfutar jikin motar, ya saba da shi na tsohon, a kuma yi alaimen tunda an taɓa ƙasan mota.

Jos na da hanyoyin gwaji biyu da ba sa ƙarya. Na farko sanyin asuba, musamman lokacin hunturu: ka tayar da mota ka sa D, ka sa ribas. Giyabos ɗin wannan motar yana kamawa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba dogon jira, ba duka. Na biyu Hawan Kibo, doguwar hayin da ke kan hanyar Jos zuwa Abuja, da cikakken lodi, kuma ya kamata a kai shi can tun garanti bai ƙare ba. A hawan, da aka sa giya a 3, giyabos ɗin wannan motar ya riƙe ba zamewa, ba warin mai. A gangara ma a sa 3 ko 2 injin ya taya birki riƙo.

Inda bai burge ni ba shi ne cikin gari. A cunkoson Terminus ko Farin Gada, idan ka rage gudu ka sake taka totur yakan ɗan yi jinkiri kafin ya ɗauka. Wannan hali ne da aka san Sienna ta waɗannan shekaru da shi, sauya giyabos bai raba ta da shi ba. Sannan babu wanda ya san kilomita nawa ya ci a can inda ya fito, shi ya sa nake ganin bayan kilomita 1,000 na farko a sake zubar da mai. Lita 3 da rabi ne ke fita a kowace zubarwa. Motar haya mai hawa Kibo kullum kuma, kada ta wuce kilomita 40,000 ba a maimaita ba.