Furotin ɗin riseftar serotonin: wanne ya dace da ɗakin gwaje-gwajenku?

Ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar jiha ta Aliero, wanda yake son sanin ko ruwan sabara ko na wani tsiro yana taɓa riseftar serotonin (furotin da ke jikin ƙwayar halitta, wanda sinadarin isar da saƙo mai suna serotonin ko 5-HT yake kamawa), in ya buɗe shafukan dillalai zai tarar da kaya barkatai, kowanne an rubuta masa furotin ɗin ɗan Adam ne da aka ƙera a ɗakin gwaje-gwaje. Farashi kuwa wani ya ninka wani sau da yawa. Hannu yakan tafi ga mai sauƙi, balle in kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ne da aka riga aka yanka masa iyaka. To, araha ba ta ado. Kayan nan ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma mai sauƙin shi ne ba ya amsa tambayar da yawancin ɗalibanmu suke zuwa da ita.

Kafin maganar kuɗi, a tsayar da wace risefta ake nema. Gida bakwai ne, daga 5-HT1 zuwa 5-HT7, wasu gidajen da 'ya'ya a cikinsu. Dukansu sau bakwai suke ratsa tantanin ƙwayar halitta, suna miƙa saƙo cikin ƙwayar ta hannun wani furotin da ake kira furotin G, sai 5-HT3 kaɗai, wadda ƙofa ce da ɓangarori biyar suke haɗuwa su yi. Ita maganin ondansetron yake toshewa don hana amai. Sumatriptan na ciwon ɓarin kai yana aiki kan 5-HT1B da 5-HT1D, risperidone na taɓin hankali kuma yana kama 5-HT2A. Mai binciken lafiyar magani bai kamata ya manta da 5-HT2B ba, don ita aka ɗora wa alhakin lalacewar bawul ɗin zuciya da ta sa aka janye maganin rage ƙiba na fenfluramine daga kasuwa a 1997. A kuma duba cewa ta ɗan Adam ce da gaske. 5-HT1B ta ɓera da ta mutum ba su karɓar magunguna iri ɗaya, kuma amino asid ɗaya tak ne ya haddasa mafi yawan bambancin.

Mafi arahar kaya shi ne guntun furotin da aka sa bakteriyar E. coli ta yi. Yawanci ɓangaren da ya leƙo waje ne aka yanko, aka maƙala masa alamar His ko GST da ake tace shi da ita, aka busar da shi ya zama gari. Yana jure tafiya, firizar da ta kai digiri 20 ƙasa da sifili ta ishe shi. In ana son yi wa zomo allura don a samar da antibodi (furotin na garkuwar jiki da zai gane riseftar), ko ana neman abin kwatance a gwajin ELISA na gano furotin da antibodi, wannan ya wadatar, kuma sayen abin da ya fi shi ɓarnar kuɗi ce. Amma ba zai kama serotonin ba, ba zai kama ruwan tsironku ba. Aljihun da magani yake shiga yana can tsakiyar sassan da suka ratsa tantani, su kuwa ba a saka su a cikin kwalbar ba.

Akwai kuma wanda ake yi da ruwan ƙwayar alkama ba tare da rayayyiyar ƙwayar halitta ba, a rubuta masa "cikakke". Tsawonsa cikakke ne, gaskiya. Ko ya naɗu yadda ya kamata, wannan magana ce daban. Irin wannan risefta, in an zare ta daga maiƙon tantanin da take zaune ciki, kamar giwar ruwa ce da aka jawo daga Matan Fada: kai da jela duk suna nan, amma ba ta iyo. In takardar bayanin kaya ba ta nuna gwajin da aka yi magani ya kama ba, a ɗauke shi daidai da guntun E. coli.

Wanda yake son ya auna kamun magani, tantanin da aka tsamo daga ƙwayoyin halittar da ake renonsu a ɗakin gwaje-gwaje, CHO ko HEK293, ya kamata ya nema. An sa musu DNA ɗin riseftar, sun yi ta da yawa, aka farfasa su aka tattara tantanin da riseftar a zaune cikinsa. Takardarsa mai kyau takan ba da lamba biyu: Bmax, yawan riseftar a kowane miligiram na furotin, da Kd, ƙarfin kamun sinadarin da aka gwada. Dillalin da bai ba da su ba, a wuce shi. Sai dai nan ne wahala take farawa. Gwajin da aka saba yi da tantanin yana buƙatar sinadari mai ɗauke da burbushin nukiliya, da na'urar ƙirga shi, da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta Nijeriya, NNRA. Akwai sinadarai masu ƙyalli da suke maye gurbinsa, amma su ma sai da na'urar karanta faranti mai iya ganin su. Kada a sayi tantani sai an ga na'urar da ido, an tabbatar tana aiki, ko da a Zariya ko Sakkwato take, an kuma yi magana da mai kula da ita.

Tsarkakakkiyar risefta cikakkiya, wadda aka riƙe a cikin sinadarin DDM mai kama da sabulu ko a nanodis (ɗan faifan maiƙo mai kwaikwayon tantani), ta masu binciken siffar furotin ce da masu na'urar SPR mai auna kamun sinadari da haske. Da irinta, daga ƙwayoyin ƙwari na Sf9, aka fitar da siffar 5-HT1B da 5-HT2B a 2013. Tana da tsada, tana saurin lalacewa, ban ga dalilin da ɗalibi zai fara da ita ba.

In tambayar ita ce ko tsiron yana tayar da riseftar ne ko yana toshe ta, babu furotin ɗin kwalba da zai faɗa. Sai rayayyun ƙwayoyi: a auna kalsiyam in gidan 5-HT2 ne, a auna sinadarin saƙo na cikin ƙwaya mai suna cAMP in 5-HT1, 4, 6 ko 7 ne. Sashen da yake da inkubetar iskar CO2 da wutar sola mai ƙarfi zai fi cin riba ya nemi filasmid, wato zoben DNA mai ɗauke da riseftar da zai sa wa ƙwayoyinsa, daga Addgene, ƙungiyar da ba ta neman riba a Amurka, wadda take aiko da shi cikin bakteriya ba tare da ƙanƙara ba. Jami'a ce take sa hannu a yarjejeniyar karɓa, kuma sai a tuntuɓi kwamitin kula da kariyar halittu kan ƙa'idojin hukumar kariyar halittu ta ƙasa, NBMA. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, tsohon gwajin hanjin ɓeran Masar yana nan. Da shi Gaddum da Picarelli suka fara raba riseftocin gida biyu a 1957. Ba na ɗan Adam ba ne, sai a faɗi haka a rahoton.

Ga mu nan Kebbi, hanya ita ce take yanke hukunci na ƙarshe. Tantani da tsarkakakken furotin cikin busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar CO2, suke zuwa, ita kuwa kullum raguwa take, ko ana tafiya ko kwali yana jiran kwastan a Legas ko Abuja. A watan Afrilu, da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40, kwana biyu na jinkiri sun isa su cinye kuɗin aikin gaba ɗaya. A yi oda lokacin hunturu. A sa wakilin dillali ya rubuta wanda zai ƙara ƙanƙara a hanya, da wanda zai ɗauki asara in kwalin ya iso a narke. Ranar da ya iso, a rarraba shi ƙananan kwalabe a jefa firizar digiri 80 ƙasa da sifili, domin kowace narkewa da sake daskarewa tana rage masa ƙarfi. In firizar sashenku ta dogara da janareton da ake kashewa ƙarfe huɗu na yamma, a sa adireshin ɗakin gwaje-gwajen da za a yi aikin, kayan su sauka can kai tsaye.