Shirya wa jariri wuri da kuɗi kaɗan: abin da za ki saya da abin da za ki bari

Idan ciki ya kai wata bakwai, hankalin mace yakan koma kan ɗaki. Ta buɗe waya ta ga hotunan ɗakunan jarirai a Instagram, bango shuɗi ko ruwan hoda, gado mai labule, 'yan tsana jere a kan kanta, sai ta dubi nata ɗakin ta ji zuciyarta ta karaya. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Yawancinmu ɗaki da falo muke da shi, wasu ma ciki ɗaya, kuma ko mai ɗakuna biyar ba ta raba jariri sabon haihuwa da ɗakin da take kwana. Likitocin yara ma abin da suke so ke nan, jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata 6 na farko, amma a kan shimfiɗarsa ta kansa. Saboda haka abin da za ki shirya kusurwa ce a cikin ɗakinki, kuma kusurwa ba ta cin kuɗi idan an san inda za a zuba su.

Gado shi ne babban abin da ake ruɗewa a kai, don haka a nan zan daɗe. Hanyoyi huɗu ne a gabanki: sabon gado na kanti, na gwanjo, wanda kafinta ko mai walda zai haɗa miki, da kuma ƙaramin gadon nan mai naɗewa da ke zuwa da gidan sauronsa.

Na kanti, irin da za ki gani a Sabon Gari a Kano ko kasuwar Gumi a Kaduna, ya fi kyau a ido kuma ya fi tsada. Sau da yawa rabin kuɗin na labule ne da leshi da kwalliyar da aka lulluɓe shi da ita, alhali ita ce za ki fara cirewa idan zafin bazara ya kama. Ki ɗaga kwalliyar ki jijjiga gadon da hannu biyu. Idan ya yi rawa a shago, a gida sai abin da ya ƙaru.

Na gwanjo, wanda ake samu a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci, yakan zama katako mai ƙwari da aka yi don ya daɗe, farashinsa kuma da sauƙi. Sai dai yana buƙatar ido. Ki duba ko ƙusoshinsa da notinansa sun cika, ki leƙa kowane lungu da tocila saboda kuɗin cizo, don shi a tsagar katako yake ɓuya, in ya shiga ɗaki kuwa fitar da shi aiki ne. Akwai kuma wani tsohon samfuri mai gefe ɗaya da ake zugewa ƙasa a ɗaga sama. Amurka ta haramta sayar da shi tun 2011 bayan jarirai sun maƙale a tsakanin gefen da katifa sun rasu. Irin waɗannan gadaje suna iya ɓullowa a cikin kayan gwanjo. In kin ga shi ki wuce, ko da kyauta ne.

Ni dai a ra'ayina kafintan unguwa ya fi, muddin ke za ki ba shi awo, ba shi zai yi yadda ya ga dama ba. Ki ce masa tsawo santimita 120, faɗi 60. Tazarar da ke tsakanin sandunan kada ta wuce santimita 6, wato kamar yatsu uku na babba a haɗe, don kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. Ki ce ya yi amfani da busasshen katako, ya goge shi sumul ba sartse, ya kuma yi matakai biyu na ɗora katifa, na sama lokacin da yaro yake jinjiri, na ƙasa idan ya fara kama abu yana tsayuwa. Gadon da aka yi haka zai kai yaro shekara biyu, ƙaninsa ma ya gada. Na mai walda ya fi arha a wasu wurare kuma gara ba ta cin sa, amma ƙarfe yana ɗaukar zafi da sanyi, kuma dole a bi duk inda aka yi walda da hannu a tabbatar babu kaifi.

Ƙaramin mai naɗewa kuwa ya fi duka sauƙin kuɗi, kuma yana da rana ga wadda za ta tafi wankan jego gidan iyaye, tunda ana naɗe shi a saka a jaka. Amma wata uku zuwa huɗu yaro ya fi ƙarfinsa, da ya fara juyi shi ke nan. In shi kaɗai kuɗinki ya kai, ki saya, ki cire ɗan filon da ke zuwa da shi, ki riƙa ajiye shi a ƙasa a kan shimfiɗa ba a saman gadonki ba, ki kuma fara tara kuɗin kafinta tun daga ranar suna.

Katifa ce inda ba na son a yi tsimi. Gado na gwanjo ya halatta, katifa ta gwanjo a'a. Ba ki san abin da ta sha ba na fitsari da tumbuɗi, kuma tsohon soso yana lotsawa. Ki je wurin masu katifa su yanko miki sabon soso mai tauri daidai awon gadon. Ki danna da tafin hannu, in ya dawo nan take to ya yi, in hannunki ya nutse ya bar gurbi ki bar shi. Mu iyaye tausayi yana sa mu ga kamar laushi shi ne gata, amma jinjiri ba ya iya ɗaga kansa idan fuskarsa ta nutse. Bayan an saka katifar, in yatsu fiye da biyu suna shiga tsakaninta da jikin gado, ta yi ƙanƙanta. Ki sa ledar fitsari, ki ɗora zanen gado na auduga da ya kama ta sosai. Filo, da bargo mai kauri, da 'yan tsana, da sosan nan da ake kewaye cikin gado da shi, duk ba su da wuri a inda jinjiri yake barci. A kwantar da shi rigingine. Kin ga a nan ma kuɗi sun ragu.

Gidan sauro kuma ba sai an yi dogon kwatance ba. Mai leshi da ke zuwa da gadon kanti ado ne, mai magani shi ne kariya, kuma asibitocin gwamnati da yawa suna bai wa masu zuwa awo kyauta, sai ki tambaya. In sabo ne ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin amfani, ba a rana ba. Yana kai kimanin shekara 3 in ana wanke shi a hankali. Babba guda ɗaya da aka ɗaure shi sama zai fi miki, ki cusa gefensa ƙarƙashin katifa yadda ba zai sauko kan fuskar yaro ba. Da damina wannan ya fi duk wani abin da za ki rataya a ɗakin muhimmanci. Maganin sauro na kunnawa kuwa, hayaƙinsa ba na ƙirjin jinjiri ba ne.

Yanzu ga bango. Zaɓi uku ne: fentin ruwa, fentin mai, ko takardar mannawa. Fentin ruwa ya fi arha, yana bushewa da wuri, warinsa kaɗan ne, kuma galan ɗaya ya ishi bangon da gadon zai jingina da shi har ya yi saura. Ba dole ba ne a fente ɗakin duka. Fentin mai yana sheƙi kuma ana goge shi, amma warinsa yana daɗewa, kuma a cikinsa ne aka fi samun dalma. Mu a arewa mun san abin da dalma take yi wa yara tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinare mai ɗauke da dalma ta kashe yara ɗaruruwa. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma yaro mai haƙori yana gaigayar gefen gadonsa, kuma dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwa. Don haka gadon gwanjo mai ɓarewar fenti abin gudu ne, na kafinta kuma gara a bar shi da launin katakonsa. Takardar mannawa tana da kyau a watan farko, sai dai a bangon da ke tsatsafar da ruwa da damina ɓanɓarowa take yi, kuma a gidan haya tana iya jawo magana da mai gida. Duk wanda kika zaɓa, a gama shi aƙalla mako uku kafin lokacin haihuwa, a bar taga a buɗe, ke kuma kada ki zauna a ɗakin ana fenti.

A ƙasa, leda ta fi kafet. Kafet yana riƙe ƙurar hunturu da duk abin da ya zube, leda kuwa tsumma da ruwa sun ishe ta. In kina son taushi, ɗora tabarma ko ƙaramar darduma da za ki iya kakkaɓewa ki shanya.

Wurin ajiyar kaya, durowar roba mai hawa huɗu ta fi ƙaramin wadirof na katako sauƙi, kuma kayan jinjiri ba su da nauyi. Ki sa masu nauyin a hawan ƙasa don kada ta kife ranar da ya fara rarrafe yana jan abu. Kwanduna biyu na kaba daga Kurmi su ma suna yin aikin, kuma sun fi roba kyau a ido.

Adon kansa, wanda shi ne ya tayar miki da hankali tun farko, shi ya fi komai arha. Jinjiri a makonnin farko ba ya gani sosai sai abin da ke kusa da shi kamar santimita 20 zuwa 30, wato tazarar fuskarki lokacin shayarwa. Kwalliyar bango taki ce da ta 'yan barka, kuma ba laifi ba ne ki so ta. Ki je wurin telarki ki karɓi ragowar ƙyallayen atamfa, a yanka su kusurwa uku-uku a jera a igiya, a rataya can sama inda hannu ba ya kai. Yadi biyu na auduga mara nauyi daga Kantin Kwari sun isa labulen taga. Faifai uku masu launi a jikin bango sun fi sitika kyau nesa ba kusa ba. Abu ɗaya kawai, kada a rataya komai mai nauyi ko mai igiya a saitin gadon, kuma gadon ya yi nesa da igiyar labule da wayar wuta. Ki ƙara da ƙaramar fitila mai caji, mai hasken da ba ya kashe ido, saboda shayarwar dare idan an ɗauke wuta.

Kafin haihuwa ki sayi katifa da gado da fitila, ki karɓi gidan sauro, a yi fenti. Baho, da tawul, da barguna, da kayan sawa, da kwandon wanki, ki dakata da su in ban da kaɗan na makon farko, don su ne abin da dangi da 'yan barka suka fi kawowa, har ki rasa inda za ki ajiye baho na uku. Bayan an watse taron suna sai ki zauna ki duba abin da ya shigo, sannan ki aika kasuwa a cike gurbin da ya rage.